Bin Sawun Bigfoot a Dazukan Amurka: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Farawa

Wai mene ne Bigfoot, kuma a ina ake nemansa?

Wata halitta ce da ake cewa tana kama da ƙaton gwaggon biri, gashi ya rufe mata jiki, tana tafiya da ƙafa biyu kamar mutum. Masu cewa sun gan ta sukan kimanta tsayinta daga mita 2 zuwa kusan 3. An fi jin labarinta a dazukan arewa maso yammacin Amurka, wato jihohin Washinton, Oregon da arewacin Kalifoniya, sai kuma lardin Birtish Kolombiya na Kanada, inda aka fi kiranta Sasquatch, sunan da ya samo asali daga harshen Halkomelem na 'yan asalin yankin.

Sunan Bigfoot, ma'ana "ƙaton ƙafa", ya yaɗu ne a 1958. Wani direban katafila mai suna Jerry Crew ya tarar da manyan sawaye, kowanne kusan santimita 40, kewaye da motarsa a wurin aikin hanya a Bluff Creek da ke Kalifoniya. Ya zuba filasta (garin da ake kwaɓawa da ruwa, ya daskare ya ɗauki siffar sawu) a ɗaya, jaridar Humboldt Times ta buga hotonsa, suna ya bi. Bayan rasuwar Ray Wallace, ɗan kwangilar aikin, a 2002, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da suka ce da su ya riƙa buga sawayen. Duk mai shiga wannan harka ya kamata ya san wannan tun ranar farko.

Wasu ƙasashen ma suna da nasu: Yeti a tsaunukan Himalaya, Yowie a Ostireliya, Yeren a Sin, Orang Pendek a tsibirin Sumatara. Dabarun bincike kusan ɗaya ne.

An taɓa kama shi, ko a sami gawarsa?

A'a. Babu gawa, babu ƙashi, babu haƙori ko ɗaya da masana suka tabbatar. A 2008 wasu mutum biyu a jihar Jojiya sun ce suna da gawar a cikin firiza; da ƙanƙara ta narke sai ga rigar gwaggon biri ta roba. Abin da ke ɗaure wa masana dabbobi kai shi ne, dabba mai wannan girma ba za ta ɗore ita kaɗai ba, sai da garke mai yawa da ke haihuwa, kuma cikin irin wannan yawa da wuya a ce tsawon shekaru mota ba ta taɓa kaɗe ko ɗaya ba, maharbi bai taɓa harbe ko ɗaya ba.

Masu goyon baya sukan kawo Gigantopithecus, wani ƙaton biri da ya taɓa rayuwa da gaske. Amma haƙoransa da muƙamuƙansa a kudancin Sin da kewaye aka same su, ya kuma ƙare fiye da shekara 200,000 da suka wuce. Ba a taɓa samun burbushinsa a nahiyar Amurka ba.

To in haka ne, me ake fita nema?

Ana fita ne a gano abin da mutumin ya gani. Wanda ya fita da niyyar tabbatar da Bigfoot, kowane karyayyen reshe zai zame masa hujja. Wanda ya fita da tambayar "mene ne ya bar wannan sawun?" shi ne ke dawowa da abin da wani zai iya dubawa ya auna, ko da amsar ta zama beyar ce. Ma'aunin aikin ke nan: shin wanda bai je wurin ba, kuma bai yarda da kai ba, zai iya bin bayananka ya sake lissafin da kansa?

Wani ya ce ya gan shi. Yaya ake yi masa tambayoyi?

Da wuri, kuma shi kaɗai. In su uku ne a motar, a ji kowa daban kafin su zauna su daidaita labari, domin da zarar sun tattauna, abin da ɗaya ya tuna ya zama na kowa. A nemi izininsa a naɗi muryarsa. A bar shi ya ba da labarin daga farko har ƙarshe ba tare da an katse shi ba, sannan a koma kan gaɓoɓin.

Yadda aka jefa tambaya shi ke lalata shaida. Kada a ce "Yana da dogayen hannuwa, ko?" A ce "Me ka lura da shi a jikinsa?" Kada a nuna masa zane ko hoton Bigfoot kafin ya gama, in zai iya, ya zana abin da kansa. A tambayi ƙarfe nawa ne, ina rana take, ana ruwa ko hazo, tsaye yake ko yana tuƙi, da wane gudu, kuma daƙiƙa nawa ya yi yana kallo. Yawancin ganin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, da magariba ko da dare, a hasken fitilar mota.

Sai a koma wurin tare da shi, in da hali a daidai lokacin da abin ya faru. Ya tsaya inda ya tsaya. Wani ya je inda aka ga halittar riƙe da sanda mai tsawon mita 3 da aka yi wa alama da tef mai launi kowane rabin mita. A tambaye shi: kansa ya kai ina a jikin wancan reshen? A auna. A auna nisan da ke tsakani da tef ko na'urar auna nisa. Sau da yawa abin da aka rantse ya kai mita biyu da rabi yakan dawo ƙasa da biyu, saboda yana tsaye ne a kan tudu ko a kan faɗaɗɗen gungume. Wani lokacin ma ana zuwa a tarar da "halittar" tana nan inda aka bar ta: ƙonannen kututture ne.

Wannan duk ba ƙaryata mutum ba ne. Akasarin masu ba da labari gaskiyarsu suke faɗa. An ce gani ya kori ji, amma ganin daƙiƙa uku cikin duhu, da tsoro a zuci, shi ma yana buƙatar mai duba shi. A kuma ɓoye sunansa in ya nemi haka. Da yawa ba sa son a yi musu dariya a wurin aiki.

Ƙungiyar BFRO ta masu binciken Bigfoot, wadda aka kafa a 1995, tana kasa rahotanni gida uku: A ga gani ƙarara, B ga gani daga nesa ko jin sauti kawai, C ga labarin da aka jiyo a bakin wani. Rabon yana da amfani wajen tsara fayil, amma ba ya nufin an tabbatar da na rukunin A.

Da me aka fi rikita shi?

Da baƙin beyar, nesa ba kusa ba. Yakan miƙe kan ƙafafun baya don ya hango ko ya shinshina, kuma a tsaye babba yakan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Wanda ya ji rauni a ƙafafun gaba yana iya koyon tafiya a tsaye; an ɗauki bidiyon wani irinsa sau da dama a jihar Niyu Jazi tsakanin 2014 da 2016. Wanda ƙazuwa ta cinye wa gashi kuwa kamanninsa kan canza har a kasa gane shi. Wani nazari da aka buga a 2009 ya ɗora wuraren da aka ce an ga Bigfoot a kan taswirar mazaunin baƙin beyar, suka zo kusan daidai.

Na biyu shi ne mutum: maharbi cikin baƙaƙen kaya, mai yawon daji da ƙatuwar jaka a baya, ko mai wasa da hankalin jama'a.

Na ci karo da sawu. Me zan fara yi?

Tsaya cak. Kada ka taka kusa, kada ka sa ƙafarka a ciki don gwada girma, kada ka cire ganye. Hoto ne farko, filasta ce ƙarshe, domin filasta tana lalata sawun.

Ɗauki hoton wurin gaba ɗaya daga nesa, yadda za a ga layin tafiyar da inda ya fito da inda ya nufa. Sannan kowane sawu: ajiye rula a gefensa, a daidai zurfin sawun ba a kan tudun gefe ba, ka riƙe kyamara a sama sak, tana kallon ƙasa kai tsaye. In ka karkata ta, tsawo zai ƙaru ko ya ragu. Kashe filashin kyamara, ka haska tocila daga gefe, ƙasa-ƙasa, ka ɗauka daga ɓangarori huɗu. Inuwar ce ke fito da yatsu da gefuna. Sa wa kowane sawu lamba a ɗan kati.

Auna tsawo, faɗin gaba, faɗin dunduniya, zurfi a gaba da baya, da tsawon taku daga dunduniya zuwa dunduniya. Kada ka tsaya kan sawu ɗaya mafi kyau. Auna goma a jere in akwai. Daga nan ka yi tafiya a gefe, a ƙasa iri ɗaya, ka auna zurfin naka, ka rubuta nauyinka. Wannan ne zai nuna ko zurfin abin mamaki ne ko kuwa laka ce mai taushi. Ka tuna ƙasa na iya bushewa bayan an taka ta, don haka rubuta yanayin kwanakin baya.

Ga yadda beyar ke yaudara: in yana tafiya, ƙafar baya takan sauka a kan sawun ta gaba ko ta ɗan zarce shi, sai biyun su haɗu su zama dogon sawu ɗaya mai kama da na mutum. Duba yatsu. A ƙafar mutum babban yatsa yana ciki. A ta beyar na ciki shi ne ƙarami, wani lokacin ma ba ya fitowa. Nemi ɗigon farata a gaban yatsun, amma rashinsu ba hujja ba ne, domin a ƙasa mai tauri ba sa fitowa. A dusar ƙanƙara kuma rana tana narkar da gefuna, sawun takalmi ko na ƙaramar dabba ya buɗe ya zama ƙato cikin kwana ɗaya ko biyu.

Yaya ake zuba filasta?

Garin filasta na yau da kullum yana aiki, amma yana saurin karyewa. Wanda ya fi shi ne garin da masu aikin haƙori ke zuba siffar haƙora da shi: ya fi ƙarfi, ya fi kama ƙananan layuka. Ana haɗa kusan giram 900 da ruwa mililita 300 zuwa 350. Wannan ya ishi sawun takalmi. Ga sawu mai santimita 40 a tanadi ninki biyu ko uku. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a auna garin tun daga gida a cikin leda mai zif, a zuba ruwa a ciki a daji, a rufe, a murza da hannu minti biyu zuwa uku har gudaji su ɓace. Kaurinsa ya zama kamar na fenti mai kauri. In ya yi ruwa-ruwa zai fito da rauni. In ya yi tauri ba zai shiga tsakanin yatsu ba.

A kewaye sawun da zoben kwali don kada ya malale. In yashi ne ko busasshiyar ƙura, a fesa maganin riƙe gashi daga sama, a bar shi ya sauka a hankali, kada a nufi sawun kai tsaye. Wajen zubawa, a fara daga gefe, ko a tare ruwan da cokali, ya gangara da kansa. In aka zuba daga sama a tsakiya, nauyinsa zai rusa abin da ake son ɗauka. Kaurin ya kai aƙalla santimita 2. Kafin ya daskare a rubuta kwanan wata, lamba da alamar arewa a bayansa da tsinke.

A jira minti 30, fiye da haka in ana sanyi. A haƙa daga nesa a ɗago shi da ƙasarsa. Kada a wanke shi sai bayan kwana biyu, kuma a naɗe shi da takarda, ba leda ba, don ya sha iska.

Dusar ƙanƙara tana da tata matsala: filasta tana fitar da zafi yayin daskarewa, sai ta narkar da sawun. Ana fesa kakin da aka yi don wannan aiki sau biyu ko uku tukuna, a kuma sanyaya ruwan haɗin da ɗan ƙanƙara.

Gargaɗi ɗaya. Wasu lokuta siraran layuka kan fito a jikin filasta kamar zanen fatar tafin ƙafa, kuma an sha kafa hujja da su. Gwaje-gwaje sun nuna busasshiyar ƙasa mai laushi tana tsotse ruwan filasta ta haifar da irin waɗannan layuka ko da ba ƙafa ce ta taka ba. Shi ya sa hoton kafin zubawa ya fi filastar daraja.

Yaya ake gane sawun bogi?

Ƙafa mai rai ba ta taka ƙasa iri ɗaya sau biyu. Yatsu kan buɗe a gangare, su danne a hawa, dunduniya ta zame a laka. Ƙafar katako kuwa kowane sawu kwafin ɗan'uwansa ne, shafaffe, gefunansa a yanke. Sai a lura da inda layin ya fara da inda ya ƙare: in ya faro daga bakin titi ya ƙare a bakin titi, ko ya bi daidai inda jama'a za su gani, akwai alamar tambaya. Sawu guda ɗaya tal a tsakiyar fili mai laka, ba na gabansa ba na bayansa, ba ya buƙatar dogon nazari.

Kyamarar tarko fa, a ina ake ɗaura ta?

Wannan kyamara tana tashi ne in wani abu mai ɗumi ya gifta gabanta. A ɗaura ta a jikin bishiya mai kauri, wadda iska ba ta kaɗawa, kimanin mita ɗaya daga ƙasa, tana kallon arewa don kada fitowar rana ko faɗuwarta ta riƙa tayar da ita. Kada ta fuskanci hanyar dabbobi a gicciye. A karkata ta yadda dabba za ta daɗe a cikin hoton, in ba haka ba wutsiya kawai za a samu. A share ciyawa da rassan da ke gabanta, domin su ne ke cika memori da dubban hotunan banza. Batir na litiyam ya fi jure sanyi. A saita kwanan wata da agogo, a kuma ɗauki hoton mutum riƙe da sandar awo a nisa uku daban-daban kafin a tafi. Da shi za a kwatanta duk abin da ya bayyana daga baya. Mashaya, mararrabar hanyoyin dabbobi da wuraren 'ya'yan itatuwa sun fi ba da sakamako. Ziyara sau ɗaya a wata ta isa.

Wasu na cewa Bigfoot yana gane kyamara ya kauce mata. Maganar da babu yadda za a gwada ta, ba ta da gurbi a rahoto.

Na sami gashi a jikin waya ko bishiya.

Hoto tukuna, da rula. Sa sabuwar safar hannu, ka ɗauka da matsefata mai tsabta, ka sa a ambulan na takarda. Leda tana riƙe danshi, ya yi fumfuna, ƙwayoyin halittar da za a gwada su lalace. Kada ka yi magana ko numfashi a kansa. Gashi mai saiwa ya fi amfani. Kashin dabba kuma ana ɗebo kaɗan daga bayansa a sa a kwalba mai barasar gwaji mai ƙarfi. A rubuta wanda ya ɗauka, da duk hannun da samfurin ya bi.

Ga abin da gwaji ya nuna zuwa yanzu. A 1976 mai bincike Peter Byrne ya aika wa hukumar FBI gashi 15. Sakamako ya ce na barewa ne. A 2014 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Okisfod ya fitar da sakamakon samfura 30: beyar, doki, saniya, kare, mutum da makamantansu. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Charlotte Lindqvist ta gwada samfura tara da aka ce na Yeti ne, takwas suka zama na beyar, ɗaya na kare. In sakamakonka ya dawo "mutum", abu mafi kusa shi ne naka ne ko na wanda ya taɓa shi.

Ihun da ake ji da dare, da ƙwanƙwasar itace?

Dazukan nan cike suke da masu ihu. Akwai mujiyar da kukanta kan rikiɗe ya zama kamar shewar birai in biyu suna amsa wa juna. Akwai karen dajin da ake kira koyoti, da dila mai ƙara kamar mace na kururuwa, da babbar barewar nan, elk, wadda namijinta ke busa mai tsawo a lokacin barbara, wajen watan Satumba da Oktoba. Itatuwa kan goga juna, kan kuma fashe da ƙara in sanyi ya tsananta.

A bar na'urar naɗar sauti ta kwana tana aiki, nesa da zango da rafi, da soso a bakin makirfo saboda iska. A faɗi lokaci da wuri a farkon naɗin. A gida a buɗe shi a manhaja irin Audacity, a duba zanen sautin, a kwatanta da na dabbobin yankin. Masu buga sanda a bishiya suna jiran amsar Bigfoot su sani cewa a wuraren da suka yi suna, wanda ke amsawa daga ƙetaren kwari sau da yawa wata tawagar ce.

Fim ɗin 1967 fa?

Roger Patterson da Bob Gimlin ne suka ɗauke shi a Bluff Creek ranar 20 ga Oktoba, 1967, tsawonsa kusan minti ɗaya, yana nuna wata halitta mai gashi tana tafiya da ƙafa biyu, wadda ake cewa Bigfoot ce. Har yau ana jayayya a kansa, kuma babban dalili shi ne ba a tabbatar da saurin da aka saita kyamarar ba, alhali yanayin tafiyar halittar ya dogara da shi. Darasin ga mai bincike: rubuta saitin na'urarka, ka adana fayil na asali ba tare da ka yanke ko ka gyara haske ba.

Ana buƙatar izini? Ana ɗaukar bindiga?

Ya danganta da mai ƙasar. Filin wani, sai da yardarsa. Gandayen shaƙatawa na ƙasa suna da tsauri: an hana tashin jirgi maras matuƙi a cikinsu tun 2014, kuma barin kyamara ko ɗebo samfur yana buƙatar takardar izini. Dazukan gwamnatin tarayya sun fi sassauci, galibi ana barin zango har kwana 14, amma a tambayi ofishin yankin. Ƙasashen 'yan asalin Amurka suna da hukumominsu. Ajiye abinci don jawo dabba haramun ne a wurare da dama, kuma beyar ɗin da ya saba da abincin mutane yakan ƙare a harbe.

Harbi kuwa, kada ma a fara. Duk abin da ke tafiya da ƙafa biyu a daji, a ɗauka mutum ne. Gundumar Skamania a Washinton ta kafa doka a 1969 da ta hana kashe Bigfoot, da tarar dala 10,000 da ɗaurin shekara biyar, aka sassauta ta a 1984, kuma kare rayukan mutane daga masu yawo da bindiga yana cikin dalilan kafa ta. Masu shigar burtu ma suna cikin haɗari: a 2012 motoci sun kaɗe wani mutum har lahira a Montana yana sanye da kayan ɓad-da-kama a kan titi don a ɗauka Bigfoot ne.

Mene ne haɗarin gaske?

Sanyi, ɓata, da faɗuwa a duhu. Jiƙaƙƙen kaya da iska suna iya kashe mutum ko da ba a kai ga ƙanƙara ba, don haka a guji auduga, a sa ulu da rigar ruwa. Kada a fita ƙasa da mutum biyu. A bar wa wani a gida taswirar inda za a da ranar dawowa. Yawancin kwarurrukan nan babu sabis na waya, sai a riƙe taswirar takarda, kamfas, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Feshin barkono na korar beyar ya kasance a ɗamara, ba a ƙasan jaka ba. A lokacin farauta a sa riga mai launin ruwan lemo mai haske.

Me ake rubutawa in ba a ga komai ba?

Komai. Kwanan wata, awa nawa aka yi, kilomita nawa aka taka, yanayin sama, dare nawa kowace kyamara ta yi tana aiki, da duk dabbar da ta bayyana. Kyamara shida da suka yi dare 90 suka kama beyar sau da yawa, barewa ba adadi, ba su kama wani baƙon abu ba, sakamako ne, kuma masu kula da namun dajin yankin za su iya amfana da hotunan. A littafin a raba shafi biyu: hagu abin da aka gani aka auna, dama abin da ake zato. "Karyayyen reshe, tsayin mita 2.1, karayar ta bushe, akwai dusar ƙanƙara a makon jiya" na hagu ne. "Alamar iyaka ce" na dama ne. A yi rubutun da fensir, domin tawadar biro tana narkewa in littafi ya jiƙe.